Idan motar gazuwal ta shiga daji tana rawa a silo: yadda ake gano matsalar daki-daki

A hanyoyin da babu kwalta, daga Agadas zuwa Dirku, daga Abeche zuwa Faya, ko cikin ƙauyukan da ke kewaye da Garwa da Marwa, motocin Toyota Land Cruiser da Hilux masu shan gazuwal ne ke ɗaukar marasa lafiya da ƴan kasuwa da ma'aikatan rigakafi. Ɗaya daga cikin ƙorafin da direbobinsu suka fi kai wa gareji shi ne inji yana rawa idan mota tana tsaye: sitiyari na karkarwa, ƙarar inji na hawa tana sauka, wani lokaci har ya mutu da an ɗaga ƙafa daga totur.

Wannan rawa alama ce kawai, kuma abubuwa da dama na iya haddasa ta, tun daga tiyon da ya tsage har zuwa fistin da ya cinye. Inda masu mota ke tafka asara shi ne a fara da kwance babban famfon mai, wanda gyaransa na cikin mafi tsada, alhali ba a duba ƙananan abubuwa ba. Tsarin da ya fi dacewa shi ne a fara da abin da ba ya cin kuɗi, a tafi a hankali zuwa mai tsada, kuma kada a sayi wani kayan gyara sai gwaji ya nuna shi ne mai laifi.

Za a ɗauki injin 1HZ na Land Cruiser a matsayin misali, domin yana da yawa a waɗannan hanyoyi, daga baya kuma a duba sababbin injuna masu kwamfuta.

Sunayen kayan a gareji

Sunan abu yana canzawa da an tsallaka iyaka. Gudun inji lokacin da ba a taka totur ba, makanikan Kano da Maiduguri na ce masa silo, na Yamai da Injamena kuma ralanti. Man da ake kira gas ko dizal a Najeriya da Ghana shi ne gazuwal a Nijar da Chadi da Kamaru. Bututun da ke fesa mai cikin silinda wasu na ce masa nozul, wasu anjekter. Ƙarfen da ke ɗumama ɗakin ƙonewa da safe hita ne a wani gefen, buji a ɗaya gefen. Kan inji kuma, wanda wasu ke kira top, shi ne kulas.

Akwai wurin da ake samun ruɗani: a garejin Najeriya da yawa, idan an ce injekta ana nufin babban famfon da ke rarraba mai, a gefen masu Faransanci kuwa kalmar da ta yi kama da ita nozul take nufi. Direban da motarsa ta lalace a wata ƙasa ya sa makaniki ya nuna masa abin da hannu kafin su yi ciniki.

Abin da ya sa matsala ke fara bayyana a silo

Injin gazuwal ba shi da fulogin da ke ba da wuta. Fistin ne ke matse iska har zafinta ya haura digiri 500, sai nozul ya fesa mai kamar hazo, man ya kama da kansa. Don haka kowace silinda na buƙatar abu huɗu: iska isasshiya, matsi mai ƙarfi, mai tsabtatacce da aka fesa da kyau, da kuma fesawar a daidai lokacinta.

Injin 1HZ ya fito a shekarar 1990. Yana da silinda 6 a jere, girmansa lita 4.2, ba shi da turbo, kuma famfonsa na ƙarfe ne zalla, babu kwamfuta. Silonsa na daidai yana tsakanin juyi 600 zuwa 700 a minti guda. A juyi 650, mai na kamawa sau 1,950 a minti, wato sama da sau 30 a daƙiƙa. Idan silinda ɗaya ba ta aiki, inji zai yi tuntuɓe kusan sau 5 a kowace daƙiƙa, wannan ne karkarwar da ake ji a kujera.

A silo, man da kowane nozul ke fesawa ɗan ɗigo ne ƙwarai, saboda haka ƙaramin bambanci tsakanin silinda da silinda yana fitowa fili. Haka kuma fistin na tafiya a hankali, iska na samun lokacin sulalewa ta gefen ringi ko bawul da ya cinye. Da an taka totur, yawan mai da sauri sukan rufe aibin. Shi ya sa mota ke iya gudu lafiya a hanya amma ta riƙa rawa a tasha.

Tambayoyin farko, kafin a ɗauki sifana

Amsar tambayoyi huɗu tana rage rabin aiki. Yaushe rawar ke zuwa, da sanyin safiya kawai ko har bayan inji ya yi zafi? Ta faro ne kwatsam ko a hankali cikin watanni? Me aka yi wa motar kafin ta fara, an sha mai a wani sabon wuri, an canza filta, an ratsa ruwa, ko inji ya taɓa tafasa? Sannan wace irin rawa ce?

Rawar da ke zuwa da tsari, kamar ɗingishi, tana nuna silinda ɗaya ce ko biyu ba sa aiki. Wadda ƙarar inji ke hawa da sauka kamar numfashi tana nuna man da ke isa famfo ba ya zuwa daidai, galibi saboda iska ko toshewa. Wadda ke ɓacewa bayan minti biyu ko uku da tayar da mota tana nuni ga hita, ko matsin da ya fara raguwa. Idan kuwa ƙarar inji sumul take amma jikin mota na girgiza, a duba robobin da inji ke zaune a kansu. Hanya mai gargada tana yayyaga su, kuma ana gane hakan idan aka ja birkin hannu, aka sa giya, aka saki kuloci kaɗan, sai a ga inji ya ɗaga gefe guda fiye da kima.

A duba ma ko silon bai yi ƙasa ba. Injin da ke juyi 500 zai yi rawa ko lafiyarsa ƙalau. Idan rawar ba ta zuwa sai an kunna na'urar sanyaya mota, to ƙaramar na'urar da ke ɗaga silo a jikin famfo, ko siririn tiyon da ke jan ta, shi ne abin dubawa.

Abin da hayaƙi ke faɗa

Farin hayaƙi mai yaji a ido, mai warin ɗanyen gazuwal, man da bai ƙone ba ne. Yana fitowa daga hita da ta mutu, nozul mai ɗiga, raunin matsi, ko famfon da ke makara wajen fesawa. Farin hayaƙi mai kama da tururi, wanda ke bajewa nan da nan, tare da raguwar ruwan lagireto, yana nuna ruwa na shiga silinda ta gasket ko ta tsagewar kulas. Baƙin hayaƙi na nufin mai ya fi iska yawa, ko an fesa shi ba daidai ba. Shuɗin hayaƙi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa, daga ringi ko robobin bawul.

Mataki na ɗaya: man da ke cikin tanki

A yankunan da gidan mai ke da nisa, ana sayen gazuwal a jarka da ganga, kuma nan ne ruwa da ƙasa da gauraye ke shiga. A ƙarƙashin filtar mai ta Land Cruiser akwai makunnin tsiyayar ruwa. A sassauta shi, a tara abin da ya fito a kwalbar gilashi mai tsabta, a ajiye ta minti goma. Ruwa ya fi gazuwal nauyi, zai kwanta a ƙasa da iyaka bayyananna. Man da ya yi hazo-hazo yana ɗauke da ruwa a cikinsa. Baƙin yauƙi kuma ƙwayoyin halitta ne da ke rayuwa inda ruwa da mai suka haɗu a gindin tanki, suna toshe filta cikin ƴan kwanaki.

A sansana man. Warin fetur ko na kananzir abin damuwa ne, domin famfon 1HZ ba shi da wani maiƙo sai na gazuwal ɗin da ke ratsa shi. Kananzir ba shi da santsin da zai kare ƙarafan ciki, sai su riƙa cin juna a hankali. Litar gazuwal mai kyau tana da nauyin gram 820 zuwa 845, kananzir da fetur sun fi shi sauƙi, kuma ɗan ma'aunin kauri da ake tsomawa a kwalba yana nuna bambancin.

Idan an sami ruwa ko datti, canza filta kaɗai ba ya isa. Sai an juye tanki an wanke, an duba ƴar ragar da ke bakin bututun tsotso a ciki. Motar da ke da tanki biyu tana ba da gwaji kyauta: a juya zuwa ɗaya tankin, a ba ta minti kaɗan. Idan rawar ta lafa, an san inda matsalar take.

Mataki na biyu: iska a layin mai

Famfon 1HZ da kansa yake tsotso mai tun daga tanki. Wannan na nufin layin da ke tsakanin tanki da famfo yana cikin ja ne, ba turi ba. Ƙaramar tsaga a tiyo ba za ta zubar da mai a gani ba, iska za ta riƙa shiga ta nan. Shi ya sa ake iya duba ƙarƙashin mota a ga ko'ina a bushe, alhali layin na shan iska.

Alamominsa sanannu ne: mota na wahalar tashi bayan ta kwana, tana tashi ta mutu bayan daƙiƙa kaɗan, kuma tana gyaruwa na ɗan lokaci idan aka danna famfon hannu da ke kan filta har ya yi tauri. Idan famfon hannun bai taɓa yin tauri ba, ko rawar ta lafa lokacin da ake danna shi inji na aiki, zargi ya ƙarfafa.

Hanyar tabbatarwa ita ce a sa guntun tiyo mai haske tsakanin filta da babban famfo, a tayar da inji, a zuba ido. Ƴan kumfa na farko ba komai ba ne, amma jerin kumfa da ba ya yankewa yana nuna iska na shiga daga baya. Sai a mayar da tiyon gaban filta. Idan a nan babu kumfa, laifin na kan filta ne: robar da ba ta zauna ba, makunnin tsiyaya da bai ɗauru ba, ko fatar famfon hannu da ta tsufa. Idan akwai kumfa tun kafin filta, a bi layin har tanki, a duba kowane maɗauri, da wuraren da bututun ƙarfe ke gogar shasi, da bawul ɗin da ke sauya tanki.

Gwaji na biyu shi ne a ciyar da inji daga jarka mai tsabtataccen gazuwal, tiyo ɗaya zuwa filta, na dawowa kuma cikin jarkar. Idan silo ya daidaita, famfo da nozul da matsi duk sun fita daga zargi a lokaci guda. Kada a manta da murfin tanki: idan hanyar numfashinsa ta toshe da ƙura, tanki na riƙe mai, ana jin ya ja iska da ƙarfi idan an buɗe shi.

Mataki na uku: iskar shaƙa da hita

A lokacin hunturu, ƙurar da iska ke kwasowa daga yankin Bodele a Chadi tana iya cika matatar iska kafin lokacin da littafin mota ya ƙayyade. Matatar da ta toshe ta fi kawo baƙin hayaƙi da rashin ƙarfi, amma duba ta ba ya ɗaukar minti biyar. A leƙa cikin bututun da ke bayanta. Idan akwai ƙura a nan, matatar ta huje ko bakinta bai rufe ba, kuma ƙasa ta daɗe tana cin ringi. Busa matata da iska mai ƙarfi ko buga ta a taya yana yaga takardar ba tare da an gani ba. Wasu injunan 1HZ na baya-bayan nan suna da bawul ɗin EGR mai mayar da wani ɓangare na hayaƙi cikin inji. Idan ya maƙale a buɗe saboda toka, silo na lalacewa.

Hita kuma tana da muhimmanci a wannan inji fiye da yadda ake zato, saboda ana fesa mai ne a wani ƙaramin ɗaki da ke cikin kulas, wanda ƙarfensa ke shanye zafi idan inji ya yi sanyi. A tsaunukan Ayar da cikin Tenere, sanyin asubahin Disamba da Janairu kan kusanci daskarar da ruwa. Hita ɗaya da ta mutu za ta sa silindarta ta yi ɗingishi da farin hayaƙi har sai inji ya ɗumama. Ana cire ƙarfen da ya haɗa kawunansu, a auna kowace da mita. Mai lafiya tana nuna ƙaramin adadi, wadda ta yanke ba ta nuna komai. A tabbatar an sayi mai daidai da wutar motar, domin akwai masu 12 da masu 24, kuma ko a cikinsu akwai bambanci. Dabarar fesa fetur ko maganin sauro a bakin iska don mota ta tashi tana iya fasa waɗannan ƙananan ɗakuna ko ta karya ringi.

Mataki na huɗu: gano silindar da ba ta aiki

Idan mai da iska sun fita lafiya amma ɗingishin na nan, sai a nemi silindar. Inji na silo, a sassauta goron bututun ƙarfe da ke kan nozul na farko kaɗan, a rufe wurin da tsumma. Idan ƙarar inji ta faɗi, rawar ta ƙaru, silindar na aiki. A ɗaure, a wuce ta gaba. Wadda aka sassauta amma babu abin da ya canza, ita ce ba ta ba da gudummawa. A kiyaye ido da hannu, domin gazuwal mai matsi yana huda fata, kuma raunin da ya yi na buƙatar asibiti cikin gaggawa ko da ya yi kama da ƙaramin tabo. Wanda ke da ma'aunin zafi na nesa zai iya auna bakin kowace mafitar hayaƙi jim kaɗan bayan tayar da inji, wadda ta fi sanyi ita ce abar zargi.

Bayan an gano silindar, a musanya nozul ɗinta da na maƙwabciyarta, tare da sababbin wasa a ƙarƙashi. Idan matsalar ta bi nozul ɗin zuwa sabon wuri, shi ne mai laifi. Idan ta tsaya inda take, saura matsi ko famfo.

Masu gyaran nozul suna da famfon gwaji na hannu mai agogo. Ana duba abu uku: matsin da yake buɗewa, wanda a injunan 1HZ na farko yake wajen bar 135 zuwa 155, kamannin feshin, da ko yana ɗiga kafin ya buɗe. Mai mota ya tsaya a yi gwajin a gabansa. Nozul mai kyau yana fesa hazo da ƙara mai kaifi, marar kyau yana tsartar da mai kamar zare ko ya jiƙe a baki. Ya fi kyau a daidaita duka 6 lokaci guda, domin daidaiton su da juna shi ne ke ba da silo mai laushi.

Mataki na biyar: bawul da matsi

Kafin a auna matsi, a duba tazarar bawul inji na sanyi. A 1HZ, na shigar iska yana tsakanin milimita 0.15 zuwa 0.25, na fitar hayaƙi 0.35 zuwa 0.45, kuma ana daidaita su ne da ƴan faifan ƙarfe masu kauri daban-daban. Bawul da ya matse ba ya rufewa sosai idan ya yi zafi, sai rawar ta fi tsanani bayan doguwar tafiya, daga baya bakinsa ya ƙone.

Ana auna matsi ta ramin hita, inji da ɗumi, batir a cike, an cire wayar da ke buɗe mai a famfo. Dole ma'aunin ya zama na gazuwal, na fetur ba ya kaiwa. Ƙa'idar kamfanin ga 1HZ ita ce kilo 37 a kan kowane murabba'in santimita ko fiye, mafi ƙaranci 27, kuma bambanci tsakanin silinda da silinda kada ya wuce 5. Silinda biyu maƙwabta da suka faɗi tare suna nuna gasket ya ƙone a tsakaninsu. Duka shida su yi ƙasa, tare da hayaƙi mai yawa daga bakin zuba baƙin mai, tsufan ringi ne. Kumfa a lagireto inji na aiki, da tiyon ruwa da ke yin tauri tun da sanyi, suna nuna kulas ko gasket.

A wannan inji, haƙoran giya ne ke juya famfo, bel kuma ke juya sandar da ke buɗe bawul. Idan rawar ta faro bayan an canza bel ɗin taimin, a buɗe murfi a duba alamomin, haƙori ɗaya da aka kuskure ya isa.

Mataki na ƙarshe: babban famfo

Sai duk waɗannan sun wuce ake zuwa kan famfo. Abubuwan da ke nuna shi da gaske sun haɗa da yoyon mai a jikinsa, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli a ragar goron da mai ke komawa tanki ta cikinsa, wahalar tashi idan inji ya yi zafi alhali da sanyi yana tashi nan take, da silon da ke hawa da sauka ko ana ciyar da shi daga jarka. Baƙin mai da ke ƙaruwa a sandar awo yana warin gazuwal yana iya zama robar gaban famfo ce ta saki.

Lokacin fesawa ana saita shi ne da agogon awo da ake ɗaurawa a bayan famfo. Juya famfo da kunne har ƙara ta yi daɗi yakan bar inji da ƙwanƙwasa ko zafi. Haka nan ƙara sukurin mai don a ɓoye rawar yana ƙara hayaƙi da zafin kulas. Famfon da za a gyara a kai shi inda ke da teburin gwaji, a nemi a rubuta adadin man da kowace mafita ta bayar kafin gyara da bayansa.

Sababbin injuna masu kwamfuta

Hilux da Prado masu injin 2KD da 1KD, da 1GD da ya fito a 2015, da Land Cruiser mai 1VD, suna tara mai a bututu guda mai matsin da ke haura bar 1,300, kwamfuta ce kuma ke buɗe kowane nozul. Matakin mai da na iska suna nan yadda suke, har ma sun fi muhimmanci, domin ɗan ruwa ko ƙasa na lalata waɗannan nozul cikin sauri. Amma a nan haramun ne a sassauta bututu inji na aiki. Ko a silo matsin ɗaruruwan bar ne.

Madadin haka ana jona na'urar bincike a soket mai baki 16 da ke ƙarƙashin sitiyari. Ba lambobin kuskure kaɗai ake dubawa ba. A kwatanta matsin da kwamfuta ke nema da wanda ake samu, idan na biyun na tsalle a silo, ƙaramin bawul ɗin SCV da ke jikin famfo na cikin abubuwan farko da ake zargi, kuma ana canza shi ba tare da an sauke famfo ba. A duba kuma adadin gyaran da kwamfuta ke yi wa kowace silinda, wadda adadinta ya yi nisa da na sauran tana da matsalar nozul ko matsi. Ana iya tara man da kowane nozul ke mayarwa a kwalabe masu awo a kwatanta.

Tokar EGR da ke cushe hanyar iska, da datti a kan na'urar auna iska, su ma suna ɓata silo. A injin 1KD, wasan jan ƙarfe da ke ƙarƙashin nozul idan ya saki, hayaƙi na shiga baƙin mai ya daskare, har ya toshe ragar famfon baƙin mai. Sabon nozul kuma yana zuwa da lambarsa, wadda dole a shigar wa kwamfuta, in ba haka ba rawar na iya ci gaba. Motocin da aka shigo da su daga Turai ta Kwatano ko Lome ko Duwala an ƙera su ne don gazuwal mai ƙarancin sinadarin sulfur, wanda bai wuce kashi 10 cikin miliyan ba. Man da ya fi haka sulfur yana saurin cushe matatar hayaƙinsu.

Yaushe za a ci gaba da tafiya, yaushe za a tsaya

Rawar da ke ɓacewa idan inji ya ɗumama, ba tare da raguwar ruwa ko ƙarfi ba, tana iya jira a isa gari. Iska a layin mai ana iya rage ta a hanya da sabon maɗauri ko guntun tiyo. Amma a kashe inji nan take idan fitilar baƙin mai ta kama, ko aka ji ƙwanƙwasar ƙarfe mai nauyi, ko allurar zafi ta hau, ko baƙin mai ya ƙaru ko ya koma kalar madara. Nozul mai tsartar da mai yana iya narkar da kan fistin a doguwar tafiya cikin rairayi. Baƙin mai da ya cika da gazuwal kuma yana iya sa inji ya ɗauki gudu da kansa ko an zare makulli, a irin wannan hali a taka birki da ƙarfi, a sa babbar giya, a saki kuloci don ya mutu. Idan fitilar ruwa a filta ta kama, a tsaya a tsiyaye shi a wurin.

Direban da zai shiga hanya mai nisa ya tanadi filtar mai biyu, mita ɗaya na tiyo mai haske, maɗaurai, sifana mai lamba 17, kwalbar gilashi, da mazurari mai tacewa don man jarka. Ya kuma ajiye ƙaramin littafi a mota yana rubuta kilomita, da inda ya sha mai, da ranar da aka canza kowane abu. Makanikin da bai taɓa ganin motar ba, a Kusiri ne ko a Diffa, zai fi saurin gano matsalar idan aka miƙa masa wannan littafi tare da amsar tambayoyin nan huɗu na farko.